Koren Ƙuda da Shaidar Hoto

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mahauta da hantsi, ko ya ratsa inda ake shanyar kilishi, ko ya ga kifin da masunta ke busarwa a bakin tafkin Chadi, ya san wani ƙuda da ya fi na ɗaki girma da ƙugi, jikinsa kore ko shuɗi, yana ƙyalli kamar an shafe shi da ruwan tagulla. Shi ne mai riga kowa zuwa wurin mushe, domin wari ke kiransa, kuma tamatarsa takan zuba ƙwai ɗari ko fiye a zama guda, waɗanda in da zafi ba su cika wuce yini da kwana ba sai sun ƙyanƙyashe tsutsa. Hausawa sun yi wa jinsin ƙuda kirari da "ba ka haram", sun kuma ce wajen kwaɗayi akan mutu. Amma wannan ƙasƙanci nasa bai hana Allah Maɗaukaki ya buga misali da ƙuda a Suratul Hajji ba, bai kuwa hana Jahizu da Damiri su tsaya a kansa cikin littattafansu na dabbobi ba.

Abin da galibin mutane ba su lura da shi ba shi ne, wannan halitta da muke yi wa kuɗin goro da suna ɗaya, dangi ne mai nau'i fiye da dubu, waɗanda masana suka tara ƙarƙashin sunan Calliphoridae, kuma rarrabe su ya zama fanni mai zaman kansa. A wannan zamani ɗalibi yakan kama ƙudan, ya soke shi da allura, ya ɗauki hotonsa, ya aika wa malamin da ke wata ƙasa yana neman a faɗa masa sunansa. Gani ya kori ji, haka ne. Sai dai hoto shaida ne wanda ba ya faɗin abin da bai halarta ba, launi kuwa, da shi ido ke fara ruɗuwa, shi ne mafi raunin hujja, tun da yakan sauya da sauyin haske da bushewar gawar. Kama da wane ba ta wane.

Mai tahakiki yakan fara da wata 'yar ƙofar numfashi da ke gefen ƙirji, dab da bayan kai: in fara ce, zato ya karkata ga Chrysomya albiceps ko putoria, in baƙa-baƙa ce ga megacephala, wanda namijinsa ke da manyan jajayen idanu da suka haɗe a tsakar ka. Sa'an nan ya dubi fiffike, domin marginalis, mai yawa a kan mushen manyan dabbobi a Afirka, yana da baƙin layi a gefen gaba. Daga nan ya koma ƙidayar gashin gadon baya, ɗaya bayan ɗaya, alhali kuwa sau da yawa allurar ta karya su, ko ƙyallin fitila ya shafe su daga hoton. Lucilia cuprina, mai cin naman tumaki da ransu a Ostireliya da Afirka ta Kudu, da 'yar'uwarta sericata, wadda likitoci ke sa tsutsarta ta cinye ruɓaɓɓen naman gyambo, sun yi kama har akan dogara ga launin cinyar ƙafar gaba da 'yan gasun ƙeya, wani lokaci ma sai an fede al'aurar namiji a ƙarƙashin madubi kafin a kai ga yaƙini. Saboda haka ina ganin girman malamin da ya dubi hoto ya ambaci dangi ya tsaya, bai ƙarasa da zato ba.

Wannan tsanantawa tana da dalili. Tun 1247 alƙalin ƙasar Sin, Song Ci, ya rubuta labarin kisan da aka yi da lauje, inda aka sa mutanen ƙauye suka jera laujunansu a rana, ƙudaje suka taru a kan guda ɗaya saboda ragowar jini, mai shi ya amsa laifi. Yau masu binciken gawa suna ƙiyasta lokacin mutuwa daga girman tsutsa, kowane nau'i kuwa da saurin girmansa, don haka kuskuren suna yana iya zama kuskuren hukunci. Sanin nau'i yana da amfani ga lafiya ma, domin a cikin dangin Calliphoridae ne ake da Cordylobia, mai launin ƙasa-ƙasa, wadda ke yin ƙwai a yashi mai fitsari ko tufafin da aka shanya a inuwa, tsutsarta ta huda fatar yaro ta zama maruru, zafin dutsen guga kuwa yana kashe ƙwan.

To, ɗalibin da zai aika hoto, ya ɗauka ta sama, da ta gefe, da ta fuska, cikin haske mai taushi, ya ajiye ma'auni kusa da ƙudan, ya rubuta wuri da ranar kamu da abin da aka same shi a kai. Kada kuma ya yar da gawar bayan ya ɗauki hoton, domin in shubuha ta taso, ita za a koma a duba.