Kundin da Ya Hana Mutum Ɗaya Riƙe Wuƙa da Nama

Daga watan Mayu zuwa Satumba na 1787, wakilai 55 sun yi ta zama a wani zaure a birnin Filadelfiya na Amurka, tagogi a rufe duk da zafin da ake fama da shi, don kada maganarsu ta fita waje. George Washington, janar ɗin da ya ja ragamar yaƙin neman 'yanci, shi ke shugabantar zaman. A cikinsu har da Benjamin Franklin, dattijo mai shekara 81. Damuwa ce ta tara su, domin ƙasar da suka ƙwato daga hannun Ingila tana neman wargajewa a hannunsu.

Shekara 11 kafin nan, ranar 4 ga Yulin 1776, yankuna 13 suka shelanta cewa sun fita daga ƙarƙashin Sarki George na Uku, aka gwabza yaƙi har 1783. To, wanda maciji ya sara, ko igiya ya gani sai ya firgita. Tsoron sake samun wani sarki ya sa suka kafa gwamnatin tarayya marar ƙarfi, wadda ko haraji ba ta da ikon karɓa, ballantana ta biya bashin yaƙi. A 1786 manoman jihar Massachusetts da bashi ya yi wa katutu suka ɗauki makamai a ƙarƙashin Daniel Shays, suka hana kotuna zama. Nan manyan ƙasar suka gane cewa gwamnati mai rauni ma haɗari ce.

Dabarar da James Madison, ɗaya daga cikin wakilan, da abokan aikinsa suka fito da ita a sabon kundin tsarin mulkin da suka rubuta ita ce a ba gwamnati ƙarfi, amma a raba shi gida uku, kowane gida na sa ido a kan sauran. Majalisa ke yin doka, ita ke riƙe da lalitar ƙasa. An yi ta ja-in-ja tsakanin manyan jihohi da ƙanana kan rabon kujeru, har aka daidaita a kan zaure biyu: Majalisar Wakilai, inda ake rabo bisa yawan jama'a, yau tana da kujeru 435, da Majalisar Dattawa, inda kowace jiha ke da mutum biyu, 100 ke nan daga jihohi 50. Shugaban ƙasa na iya ƙin sa hannu a kan doka, amma idan kashi biyu cikin uku na kowane zaure suka dage, dokar ta zauna ko yana so ko ba ya so. Shi ke zaɓo alƙalan Kotun Ƙoli, sai dai ba za su hau kujera ba sai dattawa sun amince, kuma da zarar sun hau ba shi da ikon cire su. A 1803, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai John Marshall, kotun ta tabbatar wa kanta ikon soke duk dokar da ta saɓa wa kundin. Wakilai 39 ne suka rattaba hannu a kan kundin ranar 17 ga Satumban 1787, sannan a 1791 aka ƙara gyare-gyare goma na farko, masu kare 'yancin addini, na faɗin albarkacin baki da na 'yan jarida.

Amma kundin ya zo da tabo mai muni. Mutanen da ke maganar 'yanci, da dama daga cikinsu suna da bayi a gonakinsu, har da Washington da Madison. Wajen rabon kujeru, aka yarda a lissafa kashi uku cikin biyar na yawan bayi, wato an ƙara wa iyayen gijinsu ƙarfi a majalisa da kawunan mutanen da ba su da ta cewa. Sai da aka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865 kafin gyara na 13 ya haramta bauta. Mata ba su sami tabbacin ƙuri'a a duk faɗin ƙasar ba sai 1920. Baƙar fata a kudu kuwa sun ci gaba da shan wuya a ofisoshin rajista har 1965, shekarar da 'yan sanda suka fasa kan ɗan gwagwarmaya John Lewis da kulki a kan gadar garin Selma. Bayan wata biyar aka sa hannu a kan dokar kare haƙƙin zaɓe.

Ranar da tsarin ya fi nuna amfaninsa a idona ita ce 24 ga Yulin 1974. Shugaba Richard Nixon ya ƙi miƙa kaset-kaset na hirarrakin ofishinsa ga masu binciken abin kunyar siyasar da aka sani da Watergate, yana cewa sirrin mulki ne. Alƙalan Kotun Ƙoli takwas suka saurari ƙarar, kuma dukansu suka ce ya miƙa. Uku daga cikinsu, har da shugabansu Warren Burger, shi da kansa ya naɗa su. Ya bi umarnin, abin da ke cikin kaset ɗin ya fito fili, ya sauka daga mulki ranar 9 ga Agusta.

Lokacin da Najeriya ta ɗauki tsarin shugaba mai cikakken iko a 1979, wannan kundin ta duba. Rabon iko da wa'adin mulki abubuwa ne da ake iya kwafowa a takarda cikin sauƙi. Abin da ba ya kwafuwa shi ne halin alƙalin da zai dubi wanda ya ba shi kujera ya ce masa doka ta fi shi, da juriyar talakan da zai sha kulki ya sake fitowa neman ƙuri'arsa. Irin waɗannan mutane ne suka riƙe kundin Amurka fiye da shekara 230.