Makarantar Firamaren Katolika a Sokode da Dapaong da Jama'ar da Ke Kewaye da Ita

Garin Sokode, hedikwatar yankin tsakiyar Togo, gari ne na Musulmi wanda Kotokoli suka fi yawa a cikinsa, kuma tsohuwar unguwarsa ta Didawure ta bunƙasa ne a kan hanyar fataken goro da ke kai da komo tsakanin ƙasar Hausa da Gonja. Dapaong kuwa, wadda ke can ƙurya kusa da iyakar Burkina Faso, fiye da kilomita 600 daga Lome, cibiyar Moba da Gurmawa ce, tare da Mosawa da Fulani da Hausawan zango. A dukkan garuruwan biyu makarantar firamaren Katolika tsohuwar maƙwabciya ce, ana ganin 'ya'yan Musulmi da na Kirista da na masu addinin gargajiya suna shiga ƙofarta da safe, kuma abin da ya riƙe wannan zama shi ne ƙananan al'amuran yau da kullum, irin su kuɗin makaranta da takardar haihuwa da ranakun hutu, waɗanda iyaye da malamai ke daidaitawa a tsakaninsu shekara bayan shekara.

Mishan ɗin Katolika ya fara aiki a Lome a shekarar 1892, amma ya daɗe bai kafu a arewa ba, domin Jamusawa masu mulkin lokacin sun yi shekaru suna hana masu wa'azin Kirista shiga wannan sashe, suna gudun rigima da sarakunan Musulmi. Sai a zamanin Faransa aka ware Sokode a matsayin yankin mishan mai zaman kansa a 1937, ta zama dayosis a 1955, wato lardin coci da ke ƙarƙashin bishop guda, sannan aka cire Dapaong daga cikinta a 1960, ita ma ta zama cikakkiyar dayosis a 1965 ƙarƙashin Bishop Barthélemy Hanrion na ɗarikar Faransiskawa. Tun farko limaman cocin, waɗanda jama'a ke kira fada, sun gane cewa aji da ɗakin shan magani sun fi mumbari jawo mutane, saboda haka kusan ko'ina aka kafa coci aka gina azuzuwa a gefensa. Asibitin yara na Yendube da kwalejin Saint Athanase a Dapaong, da makarantar 'yan sista na Assomption a Sokode, duk 'ya'yan wannan tunani ne.

Ko da yake coci ce mai makarantar, manhajar karatu ta gwamnati ce. Yaro yana yin shekara shida, daga aji biyu na share fage da ake kira CP1 da CP2, zuwa CE1 da CE2, har CM1 da CM2, inda zai zauna jarrabawar ƙasa ta CEPD, wadda takardarta ke buɗe masa ƙofar sakandare. Da Faransanci ake koyarwa tun ranar farko, kuma gyaran ilimi na 1975 da ya ɗaukaka harsunan gida bai zaɓi ko ɗaya ba sai Ewe da Kabiye, don haka ɗan Kotokoli ko ɗan Moba ko ɗan Bahaushen zango yana fara karatu ne da harshen da ba ya ji a gida. Wannan shi ya sa malamin ajin farko ya fi kowa wahala, kuma sau da yawa a filin wasa ne, ba a cikin aji ba, yaran ke samun harshen da zai haɗa su. Kowace dayosis tana da ofishin kula da makarantunta, wanda ke ɗaukar malamai da sauya musu wurin aiki, yayin da sufetocin gwamnati ke zuwa duba koyarwa kamar yadda suke yi a sauran makarantu.

Ranar makaranta takan fara da shara, yara na share fili da ɗebo ruwa kafin a kaɗa ƙararrawa, sannan a yi layi a ɗaga tuta, a rera taken ƙasa, a yi addu'a. A wannan taron safe ne shugaban makaranta ke faɗin labaran da yara za su kai gida: ranar taron iyaye, ranar da za a fara gwajin ƙarshen zango, rasuwar da aka yi a gidan wani ɗalibi, ko zuwan ma'aikatan lafiya masu rabon maganin tsutsar ciki. Abin da bai isa gida ta bakin yaro ba, yakan isa ta sanarwar coci ranar Lahadi, ko ta rediyo, ko ta zauren WhatsApp na iyaye a 'yan shekarun nan. Ga iyaye Musulmi kuwa, waɗanda ba sa jin sanarwar Lahadi, majalisar ƙofar masallaci da rumfar kasuwa ne ke cike gurbin. Mata masu sayar da koko da ƙosai da shinkafa da wake a bakin ƙofa su ma wata kafa ce ta labari, kuma babu mai sanin yaron da ya zo ba tare da kuɗin tara ba kamarsu.

Batun kuɗi shi ne ya fi kowane cin lokacin taron iyaye. Tun shekarar karatu ta 2008 gwamnatin Togo ta soke kuɗin makaranta a firamarenta, abin da ya cika azuzuwan gwamnati maƙil, amma makarantun addini ba su shiga wannan rangwame ba, domin tallafin da suke samu daga baitulmali ba ya biyan dukkan malamai, balle gyaran rufi da sayen alli da benci. Saboda haka uban da ya kai ɗansa makarantar mishan ya zaɓi ya biya abin da ake bayarwa kyauta a wani wuri, kuma dalilin da aka fi ji shi ne tarbiyya da kiyaye lokaci da ƙarancin yajin aiki. Zangon farko yana farawa ne a watan Satumba, lokacin da manomi bai girbe dawa ko auduga ba kuma rumbu ya yi ƙasa, shi ya sa biya kashi-kashi ya zama ruwan dare, kuma kora gida saboda bashi ya zama abin da ya fi ɓata tsakanin shugaba da iyaye. A nan ne ake gane ko kwamitin iyaye na da amfani, domin shi ne ke shiga tsakani ya nemi a ɗaga wa mai ƙaramin ƙarfi ƙafa har kaka. Marayu kuwa sukan dogara da hukumar agajin cocin, wato OCDI, ko ƙungiyoyi irin su Vivre dans l'Espérance, wadda wata sista ta kafa a Dapaong a 1999 don kula da yaran da cutar ƙanjamau ta raba da iyayensu. Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce, kyakkyawan sakamakon da ake yabon waɗannan makarantu da shi yana tsaye ne a kan malaman da da yawansu albashinsu bai kai na takwarorinsu na gwamnati ba.

Takardar haihuwa ma tana da nata lokacin. Ba a rubuta yaro jarrabawar CEPD sai da ita, kuma yara da dama na ƙauye sukan kai ajin ƙarshe ba su da ita, sai a shiga zarya zuwa kotu neman takardar hukunci mai maye gurbinta. Mayar da rajistar haihuwa kyauta da aka yi daga Janairun 2022 zai rage wannan wahala, amma ga waɗanda aka haifa bayan haka ne.

Al'amarin addini, wanda baƙo zai zaci shi ne tushen rigima, ya fi tafiya lami lafiya fiye da na kuɗi. Uban da ya kawo ɗansa ya san za a yi addu'ar Kirista kuma akwai darasin addini, makaranta kuma ta san yaron zai tashi daga nan ya wuce makarantar allo, kuma tun bayan babban taron Vatican na biyu, wanda ya fitar da sanarwar girmama sauran addinai a 1965, manufar cocin ita ce kada a tilasta wa kowa sauya addini. Kalandar ƙasa ta taimaka, domin Ƙaramar Salla da Babbar Salla ranakun hutu ne kamar Kirsimeti da Litinin ɗin Ista. Abin da ya saura sai dabara: a sassauta motsa jiki ga manyan yara masu azumi, a kauce wa sa gwaji washegarin Salla, a yi haƙuri da ƙarancin ɗalibai lokacin bikin Adosa na Sokode, wanda ake yi da wasan wuƙaƙe a lokacin Mauludi, ko bikin girbi na Tingban-Paab a Dapaong. Ba a rasa malaman zaure masu ƙyamar kai yaro hannun fada, kamar yadda aka sani a Kano da Zariya tun zamanin Turawa, kuma yawaitar makarantun Islamiyya masu haɗa Larabci da Faransanci ta ba irin waɗannan iyaye wani zaɓi.

Inda garuruwan biyu suka rabu shi ne tsaro. Dapaong ba ta manta Afrilun 2013 ba, lokacin da ɗalibai suka fito zanga-zangar goyon bayan malamai masu yajin aiki, biyu daga cikinsu suka rasa rayukansu. Sannan daga Nuwamban 2021 'yan bindiga masu iƙirarin jihadi daga Burkina Faso suka fara kai hari a gundumar Kpendjal, aka kashe sojoji takwas a Kpekpakandi a Mayun 2022, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes, inda Dapaong take, a watan Yunin 2022, ana kuma ta sabunta ta. Iyalan da suka baro ƙauyukan bakin iyaka sun kwararo Dapaong da kewayenta, da yaran da suka katse karatu a tsakiyar shekara, wasu babu takardar shaidar ajin da suka baro, don haka sai malami ya gwada yaro kafin ya san bencin da zai zaunar da shi, kwamitin iyaye kuma ya sake lissafin wanda zai ɗauki nauyin kuɗinsa.