Gaskiya ko Jita-jita: Makiyayan Gaya da Ajingi baƙi ne, ba su da ta cewa?

Da kaka ta yi, aka fara ƙorafin ɓarnar gona, sai ka ji ana cewa a majalisa: "Su nawa ne? Baƙi ne, hukunci na masu yawa ne."

Maganar baƙunta jita-jita ce. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Fulani sun iso ƙasar Hausa daga Mali a zamanin Sarki Yakubu (1452–1463), zamanin da aka ambaci zuwan Agalfati, Sarkin Gaya. Al'ummar da ta haura shekara 500 a ƙasa, da wane baki za a kira ta baƙuwa?

Maganar yawa kuwa rabinta gaskiya ce, shi ya sa take ruɗin mutane. Yawa yana ba da kujerar kansila da ta ciyaman, amma ba ya halatta danniya. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, addini ko asali. Sashe na 14(4) ya wajabta wa ƙaramar hukuma ta kula da bambancin jama'arta wajen naɗe-naɗe da tafiyar da al'amura. Wannan ba sabon abu ba ne: tsoron da ƙananan ƙabilu suka bayyana wa Kwamitin Willink (1957–1958) shi ya kawo babin haƙƙin ɗan Adam cikin tsarin mulkin 1960. Ita ma Dokar Filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da fili don kiwo har hekta 5,000. Ashe duk ciyaman da ya ce ba shi da hurumi bai faɗi gaskiya ba. Ko a Romaniya, inda 'yan ƙabilar Hungari suke kusan kashi 6 cikin 100, doka ta yarda su yi hulɗa da hukuma da harshensu a duk garin da suka haura kashi 20.

Akwai kuma jita-jitar ɗaya ɓangaren, wai garke yana da damar bi ta ko'ina. Ƙarya ce. Wanda shanunsa suka ci amfanin gona sai ya biya.

Kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, da hakimai da dagatai: a buɗe burtalin da aka nome, a kuma zaunar da arɗo kusa da sarkin noma a duk zaman da za a yanke hukunci kan fili.