Inda Kwamfuta Ke Sara Sunan Garinmu

Shirinmu na musamman na yau ya nufi kudancin Kano: Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada, har can Doguwa. Za mu duba wani ɗan aiki da ake yi a cikin kwamfuta, wanda ido ba ya gani, alhali sunayenmu da na garuruwanmu suna bi ta cikinsa kullum.

Wanda katin zaɓensa ke kusa, ya ɗauko ya duba. Akwai wata lamba mai gaɓa huɗu a jiki. Gaɓar farko ta jiha ce, kuma Kano 19 ce a lissafin hukumar zaɓe ta INEC. Ta biyu ta ƙaramar hukuma ce, an bi jerin haruffa cikin ƙananan hukumomi 44, shi ya sa Bebeji ta zo 04, Doguwa 11, Ƙiru 24, Tudun Wada 41. Gaɓa ta uku mazaɓa, ta huɗu rumfar da mutum ke kaɗa ƙuri'a. Idan ka ga 19-04-01-001, ka san rumfa ta farko ce a mazaɓa ta farko a Bebeji.

Kai da ka san haka, kallo ɗaya ya ishe ka. Kwamfuta kuwa dogon zaren rubutu take gani, ba ta san Bebeji ba, ba ta san rumfa ba. Tun 2021 rumfunan zaɓe a Nijeriya suka kai 176,846, Kano kaɗai tana da 11,222 a mazaɓu 484. Tun 2020 kuma INEC take ɗora hoton takardar sakamako a shafinta na IReV, 'yan jarida da masu sa ido su kwafe alƙaluman su tara da kansu. Duk mai son ya ware rumfunan Doguwa daga wannan tari, dole ya sa na'ura ta sare kowace lamba gida huɗu, ta jefa kowane yanki a mazubinsa.

Ga yadda ake yi. Ana rubuta ɗan gajeren umarni da ɗaya daga cikin yarukan da aka tanada don irin wannan aiki, kamar Python ko Bash ko AWK. Umarnin yana faɗin abu biyu. Na farko, a ina za a sara? A nan, duk inda aka ga karan ɗori. Na biyu, ina za a zuba? Sai a buɗe mazubi huɗu a raɗa musu suna: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, rumfa. Kamar mai rake ne da ke sara a gaɓa, sai dai shi yana gani da idonsa, ita kuwa na'ura sai inda aka nuna mata. A Python kalmar da ke yin saran ita ce split. A Bash ana faɗa wa wani ma'aji mai suna IFS alamar da za a bi, sannan umarnin read ya rarraba. Aikin ba sabo ba ne. An ƙirƙiri AWK a 1977 a cibiyar bincike ta Bell a Amurka, sunansa ma harafin farko ne na mutum uku da suka yi shi, Aho da Weinberger da Kernighan. Bash ya fito a 1989, Python a 1991.

To, lambar rumfa mai sauƙin kai ce. Rigimar tana cikin sunaye.

A ɗauka wani matashi ne a shagon kwamfuta a Kwanar Ɗangora aka kawo masa jerin manoman da za a ba taki, ko na masu noman rani da ruwan madatsar Tiga, aka ce, "Malam, a ware mana kowace ƙaramar hukuma daban." Ya duba ya ga tazara ce tsakanin suna da mazaɓa da ƙaramar hukuma, sai ya ce a sara a duk inda aka ga tazara. Layukan Bebeji suka tafi daidai, na Ƙiru ma haka. Da aka zo Tudun Wada sai na'ura ta raba ta biyu: Tudun ya zauna a mazubin ƙaramar hukuma, Wada ya faɗa mazubin lambar waya, lambar wayar ta zarce mazubin yawan buhu. Da ya ce a sara a karkatacciyar sanda, ai sunan mazaɓun tarayyar yankin da ita ake rubuta su, Ƙiru/Bebeji da Doguwa/Tudun Wada. Da ya koma waƙafi, wanda shi ne ginshiƙin fayil ɗin da ake kira CSV, sai kuɗi ya tare shi, domin naira 12,500 za ta rabe ta zama 12 a gida ɗaya, 500 a wani.

Masu wannan sana'a sun daɗe da sanin matsalar waƙafi. A 2005 aka fitar da wata takardar ƙa'ida mai lamba RFC 4180, wadda ta tanadi cewa duk bayanin da ke da waƙafi a cikinsa a kewaye shi da alamar zance, don a san dunƙule yake. Saran split na kai tsaye bai san wannan ƙa'ida ba. Python na da wani kayan aiki daban mai suna csv da ya san ta, kuma shi ya kamata a ɗauka duk lokacin da fayil ya zo daga hannun wani. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram tasu ta bambanta. A Faransanci waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓarinta, don haka Excel ɗin da aka saita da Faransanci waƙafi mai ruwa yake sawa tsakanin bayanai. Fayil ya tsallako iyaka, umarnin da ke aiki lafiya a Kano sai ya ɗauki layi guda sukutum ya cusa a mazubi ɗaya.

Akwai kuma hamza, wannan ɗan waƙafin sama da rubutunmu ba ya yi sai da shi. Nata'ala mazaɓa ce a Tudun Wada, Ba'awa mazaɓa ce a Ƙiru, sannan ga Sa'adatu da Isma'ila da Mu'azu a kowane jeri. A yarukan nan wannan alama tana buɗe zance tana rufe shi. Idan aka liƙa sunan cikin umarni ba tare da kariya ba, na'ura na iya ɗauka magana ta ƙare a Nata, sauran ya rikice. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganin da wasu ke yi: sai su goge hamzar, su cire lanƙwasar Ƙ da Ɗ, su manne Tudun da Wada, don dai aiki ya wuce. Daga nan mutum ya je banki ko wurin rajista a ce masa sunansa bai yi daidai da na wata takardar ba, ya shiga zirga-zirga da kuɗin motarsa a kan laifin da ba nasa ba. Tsarin UTF-8, wanda aka ƙirƙira a 1992, yana ɗaukar duk haruffanmu masu lanƙwasa. Umarnin ne ke buƙatar gyara.

Wani bambanci tsakanin yarukan ya cancanci a tsaya a kansa. Idan ka buɗe mazubi huɗu a Python, sara ya ba da yanki biyar, nan take zai tsaya ya ce lissafi bai yi ba. Umarnin read na Bash ba ya tsayawa. Idan yanki ya yi rara, sai ya tattara ragowar ya tura mazubin ƙarshe. Idan ya gaza, ya bar na ƙarshe wayam, ya ci gaba shiru. Sabon shiga yakan ji haushin mai tsayawa. Ni dai shi na fi yarda da shi a kan jerin da haƙƙin mutane ke ciki, domin kuskuren da ya yi ƙara ana kama shi a shago, wanda ya wuce shiru sai ranar rabo, mutum yana tsaye a layi. Haka kuma gurbin da babu komai. Tsohuwa a Riruwai da ba ta da waya, gurbin lambarta fanko ne. Idan da tazara ake sara, fankon zai ɓace, duk abin da ke bayansa ya matso gida ɗaya. Idan da waƙafi ne, biyu za su zo a jere, gurbin ya tsaya a matsayinsa.

Sai sifili na gaba. Lambar Bebeji 04 ce, kuma alama ce, ba a tara ta ba a ɗebe ta. Da zarar an bar na'ura ta ɗauke ta a matsayin adadi, sai ta koma 4, ta daina dacewa da ta jerin asali. Excel yana yi wa lambar waya haka, 080 ta koma 80, kuma lambar mazaɓa irin 19-04-01 yana iya mayar da ita kwanan wata. Bash nasa ya fi ban tsoro: a wajen lissafi, adadin da ya fara da sifili da ƙirgen takwas-takwas yake karanta shi, sai rumfa ta 010 ta zama 8, ta 008 kuwa ya ƙi ta gaba ɗaya. Ba mu kaɗai ke fama ba. A 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya sunayen wasu, irin su SEPT1 da MARCH1, saboda Excel yana mayar da su kwanan wata a takardun masana.

Ga ƙannenmu da ke wannan aiki a Bebeji da Ƙofa da Yaryasa da Burumburum: kafin a saki umarni a kan layi dubu goma, a gwada shi da Tudun Wada, da Nata'ala, da naira 12,500, da layin da ba shi da lambar waya, da rumfa ta 010. A sa shi ya ƙirga yankan kowane layi, wanda bai cika ba ko ya yi rara ya ware shi gefe mutum ya duba da ido. A ajiye fayil na asali ba a taɓa shi ba, a yi aiki a kan kwafi. A ƙarshe a haɗa layukan da suka fita da waɗanda aka ware, a ga ko sun yi daidai da adadin da ya shiga.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. A huta lafiya.