Ƙwayoyin ƙarfen da ke riƙe da hotunanmu a cikin tsohuwar kwamfuta

Da yawa daga cikin samarinmu suna gyaran kwamfuta a Circle, wasu kuma sun ci abinci da tsofaffin ƙarafa a Agbogbloshie kafin a rushe wurin a 2021. Duk wanda ya taɓa fasa faifan ajiya na kwamfuta ya ga farantin nan mai sheƙi kamar madubi. Yawanci maganaɗisun da ke gefe muke cirewa, mu jefar da farantin. To, a kan farantin nan ne bayanan suke.

An shafe fuskarsa da wani shafi siriri ƙwarai, kuma shafin ba dunƙulallen ƙarfe ba ne. Ƙwayoyi ne na kobalt da aka gauraya da filatinum, faɗin kowace bai wuce nanomita 10 ba. Don mu gane, kaurin gashin mutum ɗaya ya kai wajen nanomita 80,000. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya an gina katanga da abin da maganaɗisu ba ya kamawa, irin sinadarin da ke cikin yashi da gilashi.

Ƙwayar da ta yi ƙanƙanta haka, ita kaɗai maganaɗisu ce guda, kamar allurar kamfas da muke duba alƙibla da ita. Ko ta kalli sama, ko ta kalli ƙasa. Da wannan ake rubuta 1 da 0. Amfanin katangar kuwa, wanda ya zauna gidan haya a zango ya san shi: in bango ya yi siriri, rigimar ɗaki ɗaya sai ta tashi gidan duka. Ba don katangar ba, ƙwaya ɗaya in ta juya sai ta ja maƙwabtanta, rubutu ya cakuɗe.

Sai dai ƙanƙanta tana da iyaka. Zafi ba komai ba ne illa girgizar ƙananan sassan abu, kuma girgizar nan kullum tana ture allurar ƙwayar. Babbar ƙwaya ba ta ko motsi. Ƙarama kuwa, zafin ɗaki kawai ya isa ya riƙa juya ta. Wani masani ɗan Faransa, Louis Néel, ya yi lissafin wannan tun 1949, kuma lissafin yana da ban tsoro. In aka raba faɗin ƙwaya biyu, jikinta ya ragu ninki takwas, sai wadda za ta riƙe rubutu shekaru aru-aru ta koma mai mantuwa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Har yanzu maganaɗisu na jan ta, amma da an janye shi ta watsar da komai.

Wannan ya daɗe yana ɗaure wa kamfanoni kai. Wajen 2005 suka koma tsayar da allurar a tsaye maimakon kwance. Yanzu sababbin manyan faifai, irin na Seagate, suna amfani da haɗin baƙin ƙarfe da filatinum, mai taurin kai har kan rubutu ba ya iya juya shi da sanyi. Sai an haska masa leza, ɗigon wurin ya wuce digiri 400 na ɗan ƙiftawa, a rubuta, ya huce ya riƙe.

Ga inda abin ya shafe mu. An ƙera ƙwayoyin nan ne don su yi shekaru ba su manta ba. In muka goge hoto ko takarda, kwamfuta sunansa kawai take cirewa daga jerinta, ƙwayoyin suna nan yadda suke sai ranar da aka rubuta wani abu a kansu. Goga maganaɗisun rediyo a bayan akwatin ma ba ya yi musu komai. Saboda haka, iyayenmu, kafin a ba yaro tsohuwar kwamfuta ya kai kasuwa, a sa mai gyara ya rubuce faifan gaba ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, ko a cire farantin a farfasa shi. Hotunan iyali da kwafin fasfo da takardun fili sukan bi kwamfutar zuwa hannun wanda ba mu sani ba. Wayar hannu kuma wata hanyar ajiya gare ta daban, ba ta maganaɗisu ba.