Abin da ke sa farin gishiri ya koma rawaya ba tare da an zuba masa komai ba

Kowa ya san gishirin miya fari ne tas. To amma idan aka ajiye shi na wani lokaci a gaban hasken eks-re mai ƙarfi, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, sai ya rine ya koma rawaya. Ɗan'uwansa gishirin fotasiyam kuwa shunayya yake komawa. Yaya haka take faruwa?

A cikin kowace ƙwayar gishiri, zarrar sodiyam da ta kulorin jere suke reras, ɗaya na bin ɗaya, kamar sahun sallah. Idan hasken ya ratsa, yakan tunkuɗe wata kulorin daga mazauninta, ya bar gurbi. Nan take ilektoron, wato ɗan mitsitsin ƙwayar lantarki, sai ya faɗa gurbin ya maƙale. Shi ne ke shanye shuɗin da ke cikin hasken da ya faɗo kan gishirin, ragowar da ke iso wa ido kuma rawaya ce. Masana na kiran wannan gurbi cibiyar launi. Robert Pohl da ɗalibansa a Jami'ar Göttingen ta Jamus ne suka zurfafa bincike a kai tun shekarun 1920.

Gishirin bai zama guba ba, kuma ba ya fitar da wani haske mai cutarwa. Da an ɗumama shi sosai, ilektoron ya kuɓuce, fari ya dawo.

To ina amfanin wannan gare mu? Idan ka shiga ɗakin hoto a asibitin Legas ko Ibadan, ka lura da ɗan bajen da ma'aikaci ke maƙalawa a ƙirji. Yawanci akwai ƙwayar wani dangin gishiri a ciki, mai suna litiyam fuloraid. Duk hasken da ya taɓa jikin ma'aikacin yana barin ilektoron a tarko. Bayan wata ɗaya zuwa uku a kai bajen ɗakin gwaji a gasa, ya fitar da ɗan ƙyalli. Yawan ƙyallin shi ke nuna yawan hasken da mutum ya sha. Idan ya wuce ƙima, dole a binciki na'urar da yadda ake aiki, domin tarin wannan haske a jiki na iya jawo ciwon daji.

Abin bai tsaya a duniyarmu ba. A 2019 masana suka sanar da cewa sun yi amfani da madubin hangen nesa na Hubble, sun gano gishiri a kan Yurofa, ɗaya daga watannin Jufita. Wannan rawayar ce ta tona asirinsa.