Ƙwaya Nawa Aka Ba Yaron Nan Yau?

Wannan mako zancenmu a kan wani magani ne wanda na tabbata da wuya a rasa shi a wani gida cikin birnin Sakkwato, tun daga Mabera har Runjin Sambo. Watau farar ƙwayar nan ta ciwon kai da zazzaɓi wadda mu ke kira Panadol. Sunanta na ainihi farasitamol. Panadol suna ne da wani kamfani ya sa wa tasa a Ingila cikin 1956, sai sunan ya bi bakin mutane har ya danne na ainihin.

Ga abin da ya sa na ɗauko zancen. A damanar da ta wuce wata maƙwabciyarmu ta aiko a kira ni bayan sallar isha'i, in zo in karanta mata takardar magani, tun da ni ce na yi makarantar horon malamai. Na iske ɗanta ɗan shekara biyu kwance bisa tabarma, jiki rau kamar garwashi, yau kwana uku. Na ce, "Yaya, me ki ke ba shi?" Ta jawo wani kwano ta buɗe. Ga maganin ruwa na yara, wanda ta ke ba shi da cokalin shan koko duk sa'ad da ta ji jikin ya yi zafi. Ga ƙwayar manya, kakarsa ta ɓantari rabi ta jiƙa ta ɗura masa da la'asar. Ga kuma maganin mura da ubansa ya sayo a kemis. Na haska fitila na karanta kwalayen nan uku, gabana ya faɗi, domin duka ukun farasitamol ne a ciki. Da na gaya mata sai ta ce, "Haba Malama, ai sunansu ba ɗaya ba ne, launinsu ma ba ɗaya ba." Gaskiyarta kuwa, wa ya taɓa yi mata bayani? A daren muka kai shi asibiti tare da kwalayen. Aka gwada jini, ashe zazzaɓin cizon sauro ne. Aka duba hantarsa, Allah ya kiyaye ba ta taɓu ba.

To, ku lura da wannan. Farasitamol magani ne mai kyau, mai araha, shi ne ma wanda likitoci su ka fi yarda mai ciki da mai shayarwa su sha in bukata ta kama. Amma duk abin da aka haɗiye hanta ce ke aikin tace shi, ita kuwa tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka a yini. In aka zarce, sai wani dafi ya taru ya riƙa cin ta. Mugun abin shi ne ba ya nuna kansa da wuri. Ranar farko mutum na iya tashi garau, ko ya ɗan yi amai kawai. Sai bayan kwana biyu ko uku ciwo ya kama gefen ciki na dama, ido ya yi rawaya, a ce shawara ce, a shiga jiƙe-jiƙe. Akwai makarinsa a asibiti, amma ya fi aiki in an ba da shi cikin awa 8 na farko. Saboda haka in kun gane an sha fiye da kima, kada ku jira alama. Ku ɗauki kwalin ku nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ko wanda ya fi kusa da ku.

Ga lissafin, ba shi da wuya. Ƙwaya ɗaya ta manya miligiram 500 ce. Babba ya sha ɗaya ko biyu, ya dakata aƙalla awa 4 kafin ya ƙara, kuma kada ya wuce ƙwaya 8 tsakanin safiyar yau da safiyar gobe. A cikin takwas ɗin nan har da wanda ke ɓoye cikin maganin mura da na ciwon jiki, domin da yawansu farasitamol ne aka haɗa da wani abu. Mace marar jiki wadda ba ta kai kilo 50 ba, da mai ciwon hanta, su nasu bai kai haka ba, sai su tambayi likita. Na kuma ji wasu na haɗiye huɗu lokacin sahur wai don su tare ciwon kan rana. Ba a yi wa wannan magani rumbu, 'yan'uwa.

Na yara ya fi bukatar natsuwa, domin da nauyin yaro a ke auna shi: miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, sau huɗu a yini shi ne iyaka. Yawancin maganin ruwa yana da miligiram 120 ko 125 cikin mililita 5, watau yaro mai kilo 10 mililita 5 ta ishe shi. Ku auna da ɗan murfin awon da ya zo cikin kwali. Cokulan gidajenmu kowanne da girmansa, wani ya ninka wani. Wanda a ke ɗigawa jarirai kuwa ya fi na cokali ƙarfi nesa, kada ƙanƙantar kwalbar ta ruɗe ku. Asfirin, da garin ciwon kai irin Alabukun wanda asfirin ne a ciki, ba na yara ba ne sam.

Abin da ya fi damuna a labarin maƙwabciyata shi ne kwana ukun nan. Farasitamol saukar da zafi ya ke yi, ba ya kashe ƙwayar cutar da ta kawo zafin. Yaro ya yi gumi, ya tashi ya yi wasa, uwa ta ce ya warke, alhali cutar na nan tana shan jininsa. Mu nan da damina sauro, da bazara kuma sanƙarau, wanda ya yi mana ɓarna a Sakkwato da Zamfara cikin 2017. Yaro ya kwana da zazzaɓi, a kai shi a gwada jini. In kuwa wuya ya sanƙare, ko ya yi taune-taune, ko ya ƙi nono, ko jariri ne da bai kai wata 3 ba, babu zancen jiran gari ya waye.

Sai batun inda a ke saye. Cikin 2008 wani maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, wanda ke da farasitamol, ya gurɓata da wani ruwa mai guba mai lalata ƙoda, yara 84 su ka rasu a Nijeriya. Tun daga 1993 akwai hukumar NAFDAC mai sa lamba a kan magani, to ku duba lambar, ku duba ranar ƙarewar aikinsa. Ni dai ba na sayen wanda a ke talla a tire cikin ranar Sakkwato, balle ƙwayoyin da aka ɓare aka ƙulla a leda ba suna.

Maƙwabciyata ba ta karatun boko, saboda haka na kai mata guntun alli daga makaranta. Duk wanda ya ba yaro magani, ita ko kakarsa ko ubansa, sai ya ja layi ɗaya a bayan ƙofar ɗaki. In layi ya kai huɗu, an rufe sai gobe. Kakar ta yi mita da farko, wai an mai da ita 'yar aji ɗaya, amma yanzu ita ke riƙe da allin.